Godiya bayan zaman ƙara wa juna sani kan dashen jijiya

Assalamu alaikum. Mu da muka shirya wannan zama a Damagaram muna godiya ga likitocin fiɗa, majo-majo da masu gashin ƙashi da suka halarta, musamman waɗanda suka taso daga Mirya, Magarya da Tanut. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga malamanmu da suka tsaya kan batun jini, don nan ne dashe yake rayuwa ko ya mutu. Idan wuƙa ko haɗarin kabu-kabu ya tsinke jijiyar hannu mai kai saƙon ji da motsi (ba ta jini ba) har bakunan suka kasa haɗuwa, ana ciro siririyar jijiya daga bayan sha-raɓa a cike giɓin. Guntun nan yana zuwa ba tare da hanyar jininsa ba. Kwana biyu zuwa uku na farko ruwan naman da yake kwance a kai ne ke ciyar da shi. Daga nan ƙananan hanyoyin jini su fara shiga ta bakunan biyu, wasu kuma su tsiro daga gefe. Shi ya sa ba a dasa kakkaura: jini bai kai tsakiya kafin ta mutu ta koma tabo. Ana jera sirara uku ko huɗu, kowace ta fi giɓin tsawo da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, saboda ɗinkin da ya ɗame yana toshe jini. Hanno Millesi, likitan fiɗa na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, ya kafa wannan hanya tun shekarun 1970. Inda wurin duk tabo ne ko ƙuna, akwai dashen da ake ɗaukowa da jininsa, wanda likitoci Taylor da Ham suka bayyana a 1976, amma wannan sai da madubin fiɗa mai ƙara girman abu.

Iyayenmu da ƴan uwan marasa lafiya da suka zauna har ƙarshe, mun gode da haƙurinku. Jijiya tana tsirowa kamar milimita 1 a rana, to hannu ba zai motsa a sati ba. A bar filasta sati 3, a daina taba sigari, kar a kai wa mai ɗori ya ja. Kuma a kawo mutum da wuri, don bayan wata 12 zuwa 18 tsokar ba ta cika karɓar jijiyar ba.

Masu ɗakin taro da matan da suka dafa abinci, Allah ya biya ku.