Yadda na kwashe waƙoƙin shagona zuwa sabuwar kwamfuta

Shagona ɗan ƙarami ne a bakin tashar mota a Funtuwa: tebur ɗaya, benci ɗaya, allon cajin waya a jikin bango, sai kwamfuta. Sana'ata tura wa mutane abin saurare a memori da filas, wato waƙoƙi, karatun Alƙur'ani, tafsiri, wa'azi da kiɗan gargajiya. Direbobin manyan motoci su ne rabin masu zuwa wurina, domin mai tafiya Legas ko Fatakwal yana son abin da zai ɗebe masa kewa, kuma ba ko'ina sabis yake kamawa a hanya ba. Kwamfuta in ta mutu, ana zuwa Kano a sayo wata. Abin da ke cikinta kuwa shekara goma sha ɗaya na yi ina tara shi, kuma babu kasuwar da zan je in same shi a jere kamar yadda na jera.

A tsakiyar 2025 had dis ɗin tsohuwar kwamfutata ya fara wani ƙas-ƙas in ana buɗe babbar folda. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san wannan ƙara ba ta alheri ba ce. Ga shi kuma Microsoft ya sanar cewa daga 14 ga Oktoba 2025 zai daina kula da Windows 10, ita kuma tawa ta tsufa, ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Na je Farm Centre a Kano na sayo laftof tokumbo mai kyau, da had dis na waje guda biyu, kowanne tera ɗaya. Yaron shagona da ya jona ya ga 931 giga, sai ya ce, "Oga, an rage mana." Na ce masa haka suke, masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, ita kwamfuta da 1024.

Dokata ta farko ita ce kwafa, ban da yankewa. Na san dalili, domin na taɓa ɗanɗanawa. Wasu shekaru da suka wuce na sayi filas a hannun wani mai yawo da kaya, an rubuta 128 giga a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka. Ina neman wuri a kwamfutar, sai na yanke foldar tafsiri ta shekara uku na zuba a ciki. Washegari sunaye duk suna nan reras, amma in ka danna babu abin da ke fitowa. Ashe cikinsa bai wuce giga takwas ba, an yi masa dabara ne yana ƙaryar girma, duk abin da ya haura nan ya bi iska. Wasu na sake samu a wurin abokan sana'a, wasu har yau ban same su ba, kuma abin yana ci mini rai. Tun daga ranar, duk wani filas ko memori ko had dis da ya shigo hannuna sai na gwada shi da H2testw, wata 'yar manhaja da ke cika shi taf sannan ta karanto ta gani ko abin da ta zuba yana nan.

Kayana sun kai giga 700. Tsohuwar kwamfutar ramin USB 2.0 gare ta, wanda a aikace bai cika wuce mega talatin a daƙiƙa ba, ka ga lissafi ya ba da awa shida da rabi ke nan. Amma dubban ƙananan fayil sun fi babba guda ɗaya cin lokaci, don haka sai da muka kwana. Na zuba mai a janareto, na haɗa UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, na rufe shago bayan Isha'i, na shimfiɗa tabarma a gefen tebur. Had dis ɗin na bar shi a tsarin NTFS, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai giga huɗu, ni kuwa ina da bidiyon tafsiri da suka fi haka. Kafin komai sai da na wanke tsohuwar daga bairos. Kwamfutar da memorin mutum hamsin ke shiga a rana ba ta rabuwa da wannan mugun da ke ɓoye folda ya bar maka hotonta kawai, kuma ban so ya bi kaya ya tare a sabon gida.

Da asuba ta nuna ta gama. Ban yarda ba sai da na duba adadin fayil a nan da can. Aka samu giɓin ɗari biyu da 'yan kai. Na yi ta bincike har hantsi kafin na gano su: folda ce cikin folda cikin folda, kowacce da dogon suna, har adireshin fayil ɗin ya zarce haruffa 260 da Windows ya saba ɗauka. Na gajarta sunayen, na sake kwafa da TeraCopy, wadda ke gwada kowane fayil da asalinsa bayan ta gama. Sai da lamba ta yi daidai da lamba na karya kumallo.

Wahalar da ban zata ba ta jerin waƙoƙi ce. Ina da jeri da na haɗa da hannuna tsawon shekaru, akwai na hanyar Legas, na biki, na azumi, na dattawa. Direba zai ce, "Sa mini irin na wancan karon," in danna sau ɗaya. Da na buɗe su a manhajar kunna waƙa ta VLC a sabuwar kwamfutar, ko ɗaya bai yi magana ba. Shi jeri ba waƙa ba ce a cikinsa, adireshi ne kawai, kuma duk adireshin da D yake farawa, wato harafin ɓangaren had dis da waƙoƙin suke a tsohuwar, alhali sabuwar C kaɗai gare ta. Na raba had dis ɗinta biyu, na ba ɓangare na biyu harafin D, na mayar da foldoji da sunayensu na da. Nan take suka tashi.

Tunda an riga an tayar da kaya, sai na zauna gyaran sunaye, aikin da na daɗe ina ɗagawa. Abin da ya zo ta WhatsApp da AUD da lambobi yake zuwa, na faifan CD kuma Track 01, Track 02. Sati uku muna saurare ni da yaro, muna rubuta sunan mai waƙa da na waƙa da Mp3tag. A nan na yanke wata shawara da ba ta yi mini daɗi ba. Ƙananan wayoyi da rediyon mota da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su nuna akwati ko alamar tambaya. Don haka a sunan fayil ina rubutawa babu lanƙwasa, a bayanin cikin fayil kuma in rubuta Hausa yadda take.

Akwai folda guda da na fi jin tsoro a kanta, ita ce ta kaset. Mutane kan kawo mini tsofaffin kaset, in jona rikoda da kwamfuta in ɗauka da Audacity. Kiɗan kalangu da aka ɗauka a bikin wani, kukuma, garaya, waƙar noma ta wani ƙauye, muryar malamin da ya rasu. Waɗannan babu su a intanet, wasu ma kaset ɗin ya riga ya tsinke. Ina ajiye su a WAV, mai cin kusan mega goma a minti ɗaya, ninki goma na MP3 ɗin da nake tura wa mutane, kuma ban taɓa jin ƙyashin wurin ba. Sabuwar laftof ɗin ma ba ta da ramin shigar da sauti daban, sai da na sayi ɗan katin sauti na USB kafin na ci gaba da wannan aiki.

Wata biyu bayan ƙaurar, wani dattijo ya shigo yana dogara sanda. Shekara shida da suka wuce ya kawo kaset na ranar da aka naɗa mahaifinsa sarkin noma a ƙauyensu, makaɗa suna yi masa kirari. Ya ce, "Ɗana, memorin nan jikana ya ɓatar, kaset ɗin kuma ruwa ya ci shi da damina. Ko akwai saura a wurinka?" Na ce, "Baba, zauna tukuna." Na rubuta sunan ƙauyen, fayil ya fito, na ƙara murya. Da ganga ta tashi aka ambaci sunan mahaifinsa, sai ya sunkuyar da kai, ya riƙe bakin benci da hannu biyu, bai ce komai ba har minti ashirin da ɗaya suka ƙare. Na zuba masa a memori biyu, na ce ɗaya ya ba babbar 'yarsa ta adana.

Had dis na biyu yana gida a cikin akwatin uwargida, duk Juma'a nake kawo shi in ƙara masa abin da ya shigo a sati. Tsohuwar kwamfutar kuma tana ƙarƙashin tebur an lulluɓe ta da zani. Mutum biyu sun taya, na ce su dakata sai bayan Sallah, in na gama bin foldar kaset ɗaya bayan ɗaya da kunnena.