Me Ka Je Ɗauka?

Sana'ata hoto. Biki, suna, walimar saukar karatu, fasfo na 'yan makaranta, duk inda aka kira ni ina rataya jakata in tafi. A Tudun Wadan Zariya nake zaune, amma abin da zan ba da labari a kai a Sabon Gari ya faru, a wani tsohon situdiyo na wani dattijo da kowa ke kira Baba. Tun zamanin fim yake aikin, lokacin da naɗi ɗaya hoto 36 ne kacal, in ka ɓata ba za ka sani ba sai an wanke. Duk Asabar bayan la'asar mukan taru a wurinsa, mu shida ko bakwai, kowa ya zo da abin da ya ɗauka a makon, a baje a kan benci, ana shan shayi ana dubawa.

Zuwana na farko da hoton hawan sallah na je. A ƙarshen zamanin marigayi Sarki Shehu Idris ne, wanda ya riƙe Zazzau daga 1975 har 2020. Ranar na yi sammako na kama wuri a ƙofar fada, na tsaya cikin rana har aka fara jahi. Wanda ya taɓa gani ya san yadda abin yake: mahaya su taho a sukwane, ƙura ta turnuƙe, sai sun zo gab su ja linzami su yi jinjina. Na ɗauki hotuna sun fi 400, na zaɓi guda ɗaya na wanke shi babba. Duk wanda na nuna wa a unguwa sai ya ce Masha Allah. Kaina ya kumbura. Gaskiya ba gyara na je nema wurin Baba ba, yabo na je karɓa.

Ya ɗauki hoton ya daɗe yana kallo, ya nisanta shi da fuskarsa, ya sake matso da shi. Sai ya ce, "Yaro, me ka je ɗauka?"

Na ce doki, Baba.

"Wanne?"

Dawaki biyar ne a ciki, kuma ban taɓa tambayar kaina wanne ba. Ya sa tafin hannunsa ya rufe rabin hoton ta hagu, nan take na ga mahayi ɗaya ya fito sosai, shi da dokinsa, sauran huɗun ashe cunkoso ne kawai. Daga nan ya bi da yatsa. Turken wuta ya tsiro daidai kan rawanin mahayin. Fuskar dokin dishi-dishi. Ya tambaye ni a nawa na sa saurin ƙiftawar kyamara, na ce 1/125 na daƙiƙa. Ya ce dokin da ke sukuwa ba ya tsayuwa a wannan, kai shi 1/1000, ranar tsaka ta ishe ka haske. Sannan ya nuna farar rigar mahayin wadda ta ƙone fat, ba a ganin komai sai fari. Ya ce wani ya yi watanni a zaure yana ɗinkin aska takwas a wuyan rigar nan, kai ka shafe ta da ƙiftawa ɗaya don ka ƙi rage haske kaɗan.

Sai na shiga kare kaina. Jama'a sun yi yawa, dogari ya kora mu baya, ƙura ta hana ni gani, wani ya bangaje ni. Duk gaskiya ne. Baba ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "To za ka riƙa bin hoton gida-gida kana ba da wannan uzurin?"

Ranar ban sha shayin ba. Na hau babur na koma Tudun Wada raina a ɓace, ina ce wa kaina tsohon nan hassada yake yi don kyamarata ta fi tasa. Sai da dare ya yi, na sake ɗauko hoton ni kaɗai, na rufe rabinsa da hannuna kamar yadda ya yi. Daga ranar ban iya kallonsa ba tare da ganin turken nan ba. Abin da ya ba ni haushi ma shi ne, duk abin da ya faɗa ya nuna mini wurinsa da yatsa, ba inda zan tsaya in yi musu. Da cewa ya yi hoton bai yi ba kawai, da na samu abin riƙewa. Tun daga lokacin, in ana duba aikina nakan zauna a kan hannuwana, ina nufin a zahiri, don in bakina ya fara motsi hannu ne ke fara miƙewa ya karɓe hoton. In an gama in yi tambaya ɗaya ko biyu, in yi godiya. Ba duk abin da aka faɗa nake ɗauka ba. Akwai wanda kullum shawararsa ita ce a ƙara kala, shi ko gawa ka nuna masa zai ce a ƙara kala. Amma ina bari gyaran ya kwana tukuna kafin in yanke ko nawa ne ko ba nawa ba.

Laifi tudu ne. Bayan kamar shekara biyu na zama ɗaya daga cikin manyan bencin, sai wani yaro ɗan cikin birni, daga wajen Ƙofar Gayan, ya fara zuwa. Bai kai shekara 20 ba, da waya yake ɗauka. Wata Asabar ya kawo hoton cikin tsohon masallacin Juma'a, ginin ƙasa na Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda aka yi tun wajen shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarim, yanzu yana cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Hoton duhu ne kusan duka, sai wani ɗan haske da ya zo ta gefe ya kwanta a kan baka ɗaya da ginshiƙi. Ni kuwa da na saba da hoton biki, inda kowace fuska dole ta fito tar, ban yi wata-wata ba na ce, "Kai, an ɗauke wuta ne? Ina filas ɗinka?" Aka kwashe da dariya. Na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye ba. A raina ina ganin irin abin da Baba ya yi mini nake yi.

Yaron ya yi murmushi ya mayar da hotonsa cikin littafi. Bai sake zuwa ba.

Baba bai ce mini komai a gaban mutane ba. Sai da aka watse, ina tayar da babur, ya kira ni ciki. Ya ce, ka tambaye shi me ya je ɗauka? Na yi shiru. Ya ce da ya haska filas daga gaba, da duk zanen da ke jikin ginshiƙin ya baje ya zama bango lami, don hasken gefe ne ke fito da tudu da kwarin gini. Yaron ya san abin da yake yi, ni ne ban sani ba. Wato na haɗa biyu: na yi rashin ladabi, kuma na yi kuskure. Ya ƙara da cewa ranar da ya duba hotona, ko mutum ɗaya bai yi dariya ba, in tuna. Na tuna, haka ne.

Babba ya je ya ba ƙaramin yaro haƙuri, a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Na yi mako uku ina ja da baya. Daga ƙarshe na shiga birni na yi sallama da shi, muka zauna a dakalin ƙofar gidansu. Ya ce, "Yaya, ba maganar ce ta dame ni ba, ai gyara nake zuwa nema. Dariyar ce." Na ce ya sake nuna mini hoton. A nan na ga abin gyara na gaskiya: ya ɗaga wayar sama, sai ginshiƙan suka karkata kamar za su haɗe. Na ce masa in ya ja baya kaɗan ya riƙe ta a miƙe za su tsaya daidai. Ya ce ai ya lura da hakan, bai dai san maganinsa ba.

Abin da ya biyo baya ban zata ba. Labari ya zaga benci cewa na kori yaro da baki, sai kowa ya kama kansa, muka koma 'yan Masha Allah. A kawo hoto, a ce ya yi kyau, a miƙa wa na gaba. Kara ta shigo, kuma kara a wurin Bahaushe abin kirki ce, amma a kan bencin gyara ɓarna take yi. A cikin wannan lokacin wani abokinmu ya nuna mana hotunan wani biki da ya gyara a kwamfuta. Ya goge fuskar amarya har ba ƙofar gashi ko ɗaya, ya haska ta har wuyanta da hannunta suka zama na wata daban. Dukanmu mun gani, ba wanda ya yi tari. Ya kai aiki, gwaggon amarya ta buɗe album ta ce wannan ba 'yarsu ba ce, aka hana shi cikon kuɗinsa. Ya dawo Asabar ya tsaya a kanmu ya ce, "Ku duka kun gani kuka yi shiru?" Ba mu da ta cewa.

Wadda ta fitar da mu wata ɗaliba ce daga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, da take zuwa wankin hotunanta wurin Baba. Takan yi alfahari da cewa a Zariya ne su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi ƙungiyarsu ta ɗalibai masu zane a 1958, har suka ja da tsarin koyarwar malamansu Turawa. Ta ce su a aji a bango ake kafa aiki kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, kuma kafin ka ce abu ya yi ko bai yi ba, sai ka fara faɗin abin da idonka ya gani da inda ya fara sauka. Muka gwada. Abin mamaki, da ka ce "idona ya fara zuwa kan bokitin roban nan kafin ya je kan amarya", mai hoto ya riga ya gane, ba sai ka ce ya yi kuskure ba. Muka ƙara namu: mai hoto ya faɗa tun farko ko gyara yake so ko nunawa kawai ya zo yi, don wani hoton na ɗansa ne ranar suna, ba ya neman a auna masa haske. Ita ma ba ta raga mana ba. Ta ce, "Malamai, amaranku duk tsaye suke ƙiƙam kamar masu jiran fasfo." Mun ji zafi, amma ita ke shiga cikin gida wurin kamu da lalle, ta san yadda fuskar amarya take in ba namiji a tsaye a kanta da kyamara.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne Baba da kansa. Bara ya baje wasu hotuna da ya ɗauka a gindin dutsen Kufena cikin hunturu, hazo ya rufe sama, tsari kuwa sai shi. Amma a guda huɗu cikin shida, kaifin hoton ya faɗa kan ciyawar baya, makiyayin da ya je ɗauka ya fito dishi-dishi. Har yanzu da hannu yake saita gilashin kyamara, ba ya yarda da saitin da take yi da kanta, ga ido ya fara gajiya. Kowa ya gani. Na hango bakin abokin nan mai album yana shirin Masha Allah.

Na bari aka watse, na taya shi kwashe kofuna. Sannan na ɗauki ɗaya na ce, "Baba, ko idona ne? Kamar ciyawar nan ta fi mutumin fitowa."

Ya karɓa, ya nisanta shi da fuskarsa, ya matso da shi, kamar ranar farko. Ya daɗe bai yi magana ba, har na fara da-na-sani. Sai ya ce, "Guda nawa?"

Na ce huɗu.

Ya tattara su ya sa a aljihun tebur, ya ce in rufe masa taga. Asabar ta gaba da na iso, kafin in zauna ya miƙo mini kyamararsa ya ce in nuna masa inda ake murɗa ɗan abin nan na kusa da wurin leƙe, wanda ke daidaita shi da ƙarfin idon mai ɗauka. Na murɗa masa yana leƙawa, har ya ce tsaya nan.