Koyon jita da lufa: aikin yana farawa daga ƙafa

Lufa ƙaramar na'ura ce da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya. Ka taka ta, ta naɗi abin da kake kaɗawa. Ka sake takawa, ta yi ta maimaita shi, kai kuma ka ɗora wani kiɗan a kai. A nan Gusau ba kullum ake samun wanda zai zauna ya riƙe maka kod biyu (kod shi ne sautuka da dama da ake kaɗawa tare) na tsawon awa guda kana gwada yatsu ba, shi ya sa na koma gare ta.

Tawa Ditto ce ta kamfanin TC Electronic, mai makunnin ƙafa ɗaya da maɓallin ƙarar sauti ɗaya, tana naɗar har minti 5. Taku na farko naɗa ne, na biyu ya rufe zagaye ya fara maimaitawa, na uku ƙari a kai. Taku biyu da sauri su tsayar da ita, idan kuma ka danne ƙafa a na biyun ta goge komai. Boss RC-1 tana kaiwa minti 12, tana da da'irar fitilu masu nuna inda zagaye ya kai, kuma tana cin batir mai bolt 9. Ga mu da wuta ke zuwa ta tafi, wannan batir ba ƙaramin abu ba ne, domin Ditto ba ta aiki sai da adafta.

Duk wahalar tana wurin rufe zagaye. Ka fara kaɗawa tukuna kafin ka taɓa na'urar, diddige a ƙasa, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Idan jiki ya ɗauki bugun, ka taka daidai kan "ɗaya". Wajen rufewa ma kan "ɗaya" na gaba za ka taka, ba kan "huɗu" ba, kuma kada hannu ya tsaya, ka ci gaba da kaɗawa kamar ba abin da ya faru. Wanda ya yi gaggawa zai ji kiɗan yana tuntuɓe a kowane zagaye, wanda ya makara zai ji ɗan rami na shiru. Na lura yawanci abin da ke kawo makara shi ne ɗaga ƙafa daga nesa, saboda haka tafin ƙafa ya kasance yana shawagi a kan makunnin tun kafin lokaci ya zo.

Atisayen da ya fi yi mini amfani babu kod a ciki. Ka kwantar da hannun hagu a kan tsirkiyoyi su mutu, ka buga huɗu da hannun dama, ka rufe, sannan ka saki jitar ka saurari wurin haɗin kawai. Ka kunna metronom, manhajar da ke ƙirga bugu daidai, a waya a kan bugu 60 a minti, wato zagayen daƙiƙa 4. Tunda lufar ba ta jin metronom, duk kuskuren da ke ciki taruwa yake yi: idan ka makara da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, bayan zagaye 10 sun rabu da rabin daƙiƙa. Iya tsawon da suka yi tare kafin su rabu, shi ne ma'aunin ƙafarka.

Daga nan sai kod biyu, Am da G, kowane bugu takwas. A kansu ka bi sikelin Am, wato jerin sauti biyar, daga firet na 5 (firet su ne ƙarafan da suka gitta wuyan jita). Kunnen Bahaushe ya saba da wannan tun daga gurmi da garaya, ba ka buƙatar wani ya gaya maka inda daɗin yake. Idan kana son kiɗa mai rausaya irin na ganga, ka ƙirga shida a maimakon huɗu, dokar takun dai ba ta canzawa.

Ƙari kuwa, uku sun isa. Bas a tsirkiya ta 5 da ta 6, kod a tsakiya, zaren waƙa a sama. Da zarar biyu sun zauna wuri ɗaya a wuyan jita, sauti ya cakuɗe. Ka rage ƙarar lufa ta koma ƙasa da abin da kake kaɗawa a take. Amfilifaya ta zauna a sauti mai tsabta, fedal ɗin kaushin sauti kuma ya zo kafin lufa, in ba haka ba duk abin da ka naɗa zai kausasa tare.

Adafta ta zama bolt 9 DC mai negatib a tsakiya. Ka duba alamar a jikinta, domin da yawa da ake sayarwa a kasuwa akasin haka suke, kuma suna iya ƙona na'urar. Gurnanin da ake ji a wutar janareta sau da yawa daga adafta mai arha yake, kuma lufa za ta iya naɗe shi ta ninka shi da kowane ƙari. Lokacin hunturu ƙura na shiga ramin kebul ta kawo ƙas-ƙas, sai a rufe na'urar da ƙyalle bayan aiki. Ka kuma saita tsirkiyoyi kafin kowace naɗa, saboda zafin ɗaki na sassauta su, zagayen da ka naɗa ɗazu kuwa yana nan a sautinsa na dā.