Sana'ar Sayar da Barci

Ƙarfe 2 na dare ya gota lokacin da maigadi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Maigida, fito. Baƙon ɗaki na 6 yana kanta da jakarsa, ya ce sai ya gan ka." Na fito da singileti, ido bai gama washewa ba. Dattijo ne, ɗan kasuwa da ya sauka da magariba. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da abin ya fi zo mini da sauƙi. Hannun riga kawai ya naɗe, ya haska da fitilar waya. Ga jajayen ƙuraje nan a jere, daga gwiwar hannu har kafaɗa.

"Ɗana, ba kuɗina na zo karɓa ba," in ji shi. "Ka bar ni in ƙarasa daren a kan bencin nan, ya fi gadonka lafiya."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, bari a canja maka ɗaki." Ya girgiza kai. A kan bencin ya kwana, da asuba ya bi motar farko, kuɗin da na miƙa masa ma bai kalla ba. Ban sake ganinsa ba.

A lokacin shekarata ta biyu ke nan da buɗe masaukin. Ɗaki 14 ne, gini ɗaya a ƙasa, a ƙaramin gari mai zafi da ruwan sama, irin garin da matafiyi ba ya nufa sai dai dare ya riske shi a ciki. Watan da ya gabata na zuba duk ribar da na tara na sa talabijin a kowane ɗaki, na sake fenti, na maƙala fitilu masu launi a bakin ƙofa. Ina ta jin kaina. Da gari ya waye na shiga ɗaki na 6 na ɗaga katifa. Gefen ɗinkin duk baƙaƙen ɗigo kamar an yayyafa tawada, ga kuɗin cizo suna ta gudun haske zuwa cikin tsagar katako. Kyan ɗan maciji na yi wa ɗakunana, ban sani ba.

Wata huɗu na yi ina yaƙi da su, kuma rabin lokacin a banza ya tafi. Na fara da shanya katifu a rana, ashe sai su koma ɓangaren da ke inuwa su yi zamansu. Na kira mai feshi, ya cika ɗaki da wari ya karɓi kuɗinsa, bayan mako biyu suka dawo. Daga baya na fahimci dalili. Maganin ba ya kashe ƙwai, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka feshi ɗaya ba ya wadatarwa, sai an maimaita. Ga shi da yawansu sun riga sun saba da magungunan da aka fi sayarwa. Rufe ɗaki a bar su da yunwa ma ba dabara ba ce, suna iya yin watanni ba su sha jini ba. Zafi mai tsanani ne ba sa jurewa. Yanzu duk zanin gado da rigar filo sai sun shiga ruwan da ya kai digiri 60, sannan dutsen guga ya bi ta kan kowane ɗinki. Gadajen katako na fitar da su gaba ɗaya na kawo na ƙarfe, na sa wa katifu riga mai zif, na janye kowane gado daga jikin bango. Zannuwan kuma farare ƙal na koma saya. Mai wankina ta yi ta ƙorafi, wai farin zani wahalar da bawa ne, amma ɗigon jini ɗaya ba ya ɓuya a kansa, kuma abin da nake so ke nan.

Mutane na ɗauka ƙazanta ce ke kawo kuɗin cizo. A jakar baƙo suke zuwa, daga masaukin da ya kwana jiya, don haka ba a gama da su, sai dai a yi ta tsaro. Na sa ɗan teburin ƙarfe a kowane ɗaki don kada a ɗora jaka a kan gado. Rabin baƙi dai a kan gadon suke ɗorawa.

Su wa ke sauka a wurina? Dillalin kaya mai yawo daga gari zuwa gari, ma'aikacin da aka turo aikin kwana biyu, masu gyaran turakun waya, mai jinyar ɗan'uwa a asibiti, ɗalibin da aka jefa wa jarrabawa nesa da gida, direban da mota ta mace masa. Kwana ɗaya, da wuya uku. A ƙasashe masu zafi rana ba ta jan faɗuwa, kana ganin ja a yamma kafin ka ankara duhu ya rufe, kuma daga lokacin ne suke shigowa, jiki duk ƙura da gumi. A shekarun nan babu wanda ya taɓa tsayawa a kanta ya tambaye ni ko akwai talabijin. Tambaya biyu ce ba ta canjawa: "Akwai ruwa? Fanka za ta kwana tana yi?" Kowa ya san araha ba ta ado. Baƙo zai yafe maka tsohuwar kujera da madubin da ya tsage. Ya shafa sabulu ruwa ya ɗauke, wannan kam har ya tsufa yana ba da labarinka.

Shi ya sa rabin hankalina kullum yana kan tanki. Biyu gare ni, kowanne lita 2,000. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tan 4 ke zaune a kan ƙarafan nan dare da rana, kuma tsatsa ba ta barci a wuri mai danshi. Duk ƙarshen damina sai na kira mai walda ya hau ya duba. Ƙarfin shawa kuma daga tsawon hasumiyar yake fitowa: kowace mita 10 ta tsawo ke ba da matsin ruwa da masu famfo ke kira "bar" ɗaya. Tawa mita 6 ce, saboda haka shawata tsiyaya take yi a hankali, ba ta dukan baya. Na san da haka, ba ni da halin ƙara tsawo yanzu. Abin da na iya shi ne cikakken bokiti mai murfi da moɗa a kowane banɗaki, a canja ruwan kullum ko an taɓa ko ba a taɓa ba.

Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ɗakin da ya yi mako biyu babu kowa, an share an goge, sai ka buɗe wari ya buge ka, ga kyankyasai a ƙasan banɗaki. Na yi ta zargin mai shara. Wani tsohon mai gyaran famfo ne ya warware mini. Ya durƙusa ya nuna mini lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin magudana, ya ce, "Alhaji, ruwan da ke kwanciya a nan shi ne ƙofa. In zafi ya shanye shi, ka buɗe wa masai hanya har cikin ɗaki." Moɗa ɗaya ta ruwa a kowace magudana, sau ɗaya a mako, ita ce maganin abin da na yi shekara ina saya wa turare.

Wuta kuwa lissafi ce tsagwaronta. Fankar sama tana cin kamar wat 70, ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki kuma tana kusan wat 1,000. Na'ura ɗaya ta cinye abincin fankokin ɗakunana duka. Don haka ɗaki 3 kacal na sa wa na'urar, masu so su biya bambancin. Sauran sola da batir ke riƙe musu fanka da ƙwan fitila da wurin cajin waya har safe. Ranar da hadari ya wuni a sama, batir ba ya cika, sai a tada janareta. Shi kuma na gina masa ɗakinsa can ƙarshen fili, nesa da kowace taga. Ƙara ce dalilin da baƙi ke gani. Nawa dalilin hayaƙin ne, domin iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya farkawa balle ya gudu. Maigadi ya taɓa jawo shi ƙarƙashin baranda don kada ruwa ya dake shi. Ranar ce kaɗai na taɓa yi wa dattijon nan tsawa, kuma ban ba shi haƙuri ba sai da ya fahimci abin da ya kusa jawowa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakuna huɗu na ɓangaren yamma su ne ciwon kaina. Bangon bulo yana shan rana tun azahar, ya riƙe, sai dare ya yi ya dinga amayo zafin a kan mai barci. Fanka ba ta sanyaya iska, gumi take busarwa a jikin mutum, in ɗakin ya zama tanda sai ta yi ta juya wuta. Na shafa wa kwanon rufin farin fenti, na buɗe ƙofofin iska tsakaninsa da silin, na dasa itatuwa a jikin bangon. An samu sauƙi. Duk da haka su nake bayarwa a ƙarshe, kuma ina faɗa wa baƙo gaskiya kafin ya biya.

Sauro shi ne abokin gabar da ba ya hutu. Tun 1897 wani likitan Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauron kansa a Indiya, amma har yau ina samun baƙon da zai ce mini rana ce ta sa masa zazzaɓi. Mai kawo maleriya da dare yake cizo, daga faɗuwar rana zuwa asuba. Akwai kuma mai zanen fari a ƙafa, mai yaɗa zazzaɓin dengi, shi da rana yake aikinsa, kuma ɗan ruwan da ya kwanta a gwangwani ya ishe shi haihuwa. A yanayin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa kwana 10. Saboda haka duk mako nake zagaye filin da kaina, in kifar da tsohuwar taya, in tone magudanar rufi, in tabbatar murfin tanki ya zauna daidai. Kowace taga da raga, kowane gado da gidan sauro mai magani. Wasu baƙin sukan naɗe shi su ce yana hana su iska, da safe su zo suna susa suna harara ta. Tsaka kuwa na hana a kashe, tana taya ni aiki ba albashi, ko da yake na sha fita da tsintsiya cikin dare saboda wata Hajiya ta ga ɗaya a silin ta ce ba za ta runtsa ba.

Damina na zuwa da nata. Tawul ba ya bushewa, filo ya yi funfuna, ƙofa ta kumbura ta ƙi rufuwa, gara ta gina hanyarta a bayan kabad cikin dare biyu. Wannan sai haƙuri da yawan buɗe tagogi.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar tana da wani mugun hali. Mai shago in bai sayar da kaya yau ba, gobe suna nan a kan kanta. Ni ɗakin da ya kwana babu kowa ya tafi ke nan, ba a adana daren jiya a sayar gobe, alhali albashi da gyara ba su san an yi ciniki ko ba a yi ba. Wannan ne ke tura masu masauki da yawa su fara ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, ko su buɗe wurin kiɗa a tsakar gida. An ba ni shawarar sau ba adadi, kuma na san da kuɗi a ciki. Na ƙi. Ban fi kowa tsoron Allah ba, amma wanda ya biya don ya yi barci ba zai haɗa bango da masu shige da fice har asuba ba, kuma da zarar sunan gida ya tafi can, mai iyali ba ya ƙara tako shi. Wani ramin kuma bashi ne. Wata ƙungiya ta taɓa kama mini ɗaki 9 na mako guda, da takarda da hatimi, na kori baƙi masu kuɗi a hannu saboda su. Wata bakwai na yi ina sintiri kafin a biya ni, shi ma da ragi. Tun daga nan, kowa ye kai, rabi a gaba.

Talla ba ni da ita sai bakin mutane. Direbobi da masu babur na tasha su ke kawo mini yawancin baƙi, kuma ba sa kai mutum inda zai dawo ya zage su da safe. Mai sharata, wadda ta fi shekara shida tare da ni, ta fi ni sanin gidan. Daga yadda aka bar zani take gane ko baƙo ya yi barci ko juyi ya kwana yi, ta zo ta ce, "Maigida, a duba fankar ɗaki na 4, mutumin jiya bai ji daɗi ba." In na je sai in tarar tana ƙara.

Ni kuma aikina na ƙarshe kullum shi ne zagayen ƙarfe 12. Ina bi ta bayan ɗakuna da tocila, ba don ɓarawo ba, wannan na maigadi ne. Kunne nake kasawa. Tankin masai ɗaya in robarsa ta saki, zai yi ta zuba shiru-shiru har ya kwashe ruwan da mutum 14 za su yi wanka da shi da safe. Ya taɓa faruwa sau biyu, shi ya sa na sa aka fito wa kowane banɗaki da makunnin ruwansa ta waje, don kada in tashi baƙo. Daren jiya ma a ɗaki na 11 na ji wannan 'yar tsiyayar. Na tsaya na saurara, mutumin ciki yana ta munshari, fanka na juyawa. Na murɗa makunnin, na rubuta lambar ɗakin a tafin hannuna saboda mai gyara, na aika yaro ya ajiye ƙarin bokiti a bakin ƙofarsa kafin asuba.