Shadda Takwas Na Mayar Yau

Talata, 18 ga watan azumi, Jos.

Ƙarfe ɗaya saura na dare nake wannan rubutu. Bayana ya riƙe, idona kamar an zuba yashi, amma na san in ban sauke abin da ke raina ba barci ba zai ɗauke ni ba, ga sahur na nan tafe.

Yau na mayar da aikin da kuɗinsa zai biya mini kusan rabin hayar shago. Tun hantsi nake juya maganar a zuciyata.

Bayan sallar asuba ban koma gida ba, daga masallaci na miƙe Bauchi Road na gangaro cikin gari. Sanyi ya ja baya a wannan watan, amma asubar Jos ba ta rasa ɗan abin da za ta taɓa ka da shi. Na tarar yarana uku suna kwance a kan tabarma a tsakanin kekuna, don an kawo wuta wajen ƙarfe biyun dare, suka tashi suka yi ta aiki har kiran sallah. Ban tashe su ba. Na ɗauko littafin awo na zauna na ƙirga. Saura kaya 43. Ni ba na lissafi da azumi talatin, da ashirin da tara nake yi, in Allah ya ƙara mana kwana guda to riba ce. Ke nan kwana 12 ya rage har da yau. Abin da shagon nan ke iya fitarwa a rana, ɗinki mai kyau wanda ba zan ji kunyar a ce daga hannuna ya fito ba, kaya huɗu ne. Huɗu sau 12 ya ba da 48. Biyar ɗin da suka yi saura na ɗauke wuta ne, da gyaran wanda ya zo ya gwada ya ce hannu ya yi tsawo, da jiran masu aikin wuya da masu bugu, waɗanda su ma layi ne a gabansu. Shi ya sa tun goma ga wata na rufe karɓar kaya.

Yanka ni nake yi da kaina, ba na ba kowa. Da safe nake son yin sa, kafin yunwa ta fara taɓa ido. Za ka shimfiɗa shadda a tebur ka shafa ta da tafin hannu, ka duba inda zanenta ya fuskanta, don kada furen gaba ya kalli sama na baya ya kalli ƙasa. Mai kaya ba lallai ya san me ya faru ba, zai dai ji rigar ba ta kwanta masa a rai ba. Sai alli, sai tef, sai ka sake aunawa kafin ka sa almakashi. Almakashin nan na Baba ne, Allah ya jiƙansa, baƙin fentin hannunsa duk ya goge. Akwai wani sauti da yake yi in ya shiga shadda mai nauyi, ƙurus ƙurus, shekara sama da ashirin ina jin sa kuma har yau yana yi mini daɗi.

Wajen sha ɗaya wata mota ta tsaya a bakin shago. Wani Alhaji ne da na taɓa yi wa ɗinki sau biyu, ɗan garin nan ne amma harkokinsa a Abuja suke. Direbansa ya shigo da leda biyu manya. Muka gaisa, ya ibada, ya iyali, ya kasuwa. Sannan ya ce, “Malam, kaya takwas ne. Biyu manyan riguna, shida kaftani. Jajibiri nake so.”

Na buɗe ledar don dai girmamawa. Gezna ce zalla, irin wadda in ka taɓa sai ka ji sanyinta a yatsa. Na ce, “Ranka ya daɗe, wallahi na rufe tun goma ga wata.”

Ya yi murmushi ya ce, “Na sani. Faɗi kuɗinka, ka ninka. Yanzu zan tura maka duka, ba kafin alƙalami ba.”

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta motsa. Mai shago ya riga ya aiko cewa bayan sallah haya za ta tashi. Janareta na shan mai kamar rijiya. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ba ta sake waiwayen baya ba. Zare ya tashi, maɓalli ya tashi, gawayin guga ma ya tashi. Ina tsaye riƙe da gefen shaddar ina lissafi a kaina, har na fara neman waɗanda zan tura baya. Nan take kuma na ga ko su wane ne za su faɗa ramin. Ba manyan mutane ba ne, don su ba a taɓa su. Mai tuƙa keke napep ɗin nan ne da ya kawo yadin yaransa uku yana biya da kaɗan-kaɗan. Tsohuwar Gangare ce da ta kawo na jikokinta marayu. Kullum idan tela ya haɗiyi abin da ya fi ƙarfinsa, irin waɗannan ne ke kwana a ƙofar shago.

Na ninke shaddar na mayar cikin leda. Na ce, “Alhaji, ka yi haƙuri. In na karɓa, ko dai in saɓa maka ko in saɓa wa wanda ya riga ka. In kana so ka bar su, mako guda bayan sallah ka aiko a karɓa.” Na kuma kwatanta masa wani abokin sana'a a Dilimi mai hannu sosai, wanda yake da yara fiye da nawa.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, “Shi ya sa ba kwa ci gaba. Arziki na kiran ku kuna toshe kunne.” Bai faɗa da faɗa ba, kamar ma tausayina yake ji, wannan ne ya fi yi mini zafi. Suka kwashi kayansu suka tafi.

Babban yarona, wanda nake shirin yayewa bayan babbar sallah, ya matso ya ce a hankali, “Oga, da ka karɓa. Za mu iya, ba sai mu daina barci ba.” Na ce masa ai barcin da ake yi yanzu ma bai kai a kira shi barci ba. Na ga dai bai gamsu ba. Sai na ba shi labarin da ban taɓa ba su ba.

Daren sallar 2016 ne. Shekarar na karɓi duk abin da aka miƙo mini, ban ce wa kowa a'a ba. Wani bawan Allah lebura ya zo da ɗansa, yaron bai wuce shekara bakwai ba. Sau huɗu ina ce masa gobe. A daren suka zauna a kan bencin waje tun bayan isha'i. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Yaron ya yi barci a cinyarsa, ya cire rigarsa ya lulluɓe shi. Har aka yi kiran assalatu ban ko yanka yadin ba. Ya shigo ya ce, “Malam, ba ni kayana.” Na miƙa masa yadda ya kawo shi, a ledarsa. Yaron ya farka ya leƙa ledar, sannan ya ɗago ya dube ni. Shekara tara ke nan, kallon nan bai bar ni ba. Kuɗin da na samu a waccan sallar ban iya tuna ko sisi a me ya tafi ba.

Kuma ni ba ni da uzuri, don na ga yadda ake yi. Shagon Baba a cikin babbar kasuwar Terminus yake lokacin da ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Ina saurayi a lokacin, ina koyo a hannunsa. Kekuna biyu suka tafi, da kayan mutane cike da kanta. Abin da ya tsira shi ne almakashin nan da littafin awo, saboda al'adarsa ce ya tafi da su gida a jaka. Kowa ya ce masa ƙaddara ce, ba wanda zai tambaye ka. Malamai ma sun faɗa masa amanar da ta salwanta ba da sakaci ba babu ramuwa a kanta. Ya ce ya ji, amma zuciyarsa ba ta ba shi ba. Ya sayar da filinsa na Rikkos, ya riƙa bin littafin shafi-shafi, gida-gida. Wasu suka karɓa, da yawa suka ce sun yafe. Akwai wani dattijo Kirista daga Bukuru da ya ƙi karɓa, ya riƙe hannun Baba suka yi ta hawaye su biyu. Watanni kaɗan ne bayan rikicin Satumban 2001, lokacin mutane na tsoron taka unguwannin juna. Ɗan dattijon nan har yau ni ke yi masa ɗinkin Kirsimeti. A lokacin na ji haushin sayar da filin, ina ganin da mun gina shi. Har yanzu ma wani lokaci idan mai haya ya aiko, sai filin ya faɗo mini a rai.

Maganar Alhaji ta ci gaba kuwa ba na cewa ƙarya ce gaba ɗaya. Ina son ci gaba. Ina son keken aikin wuya na kwamfuta, in daina kai kaya layin wani. Ina son sola a saman shagon nan. Wani abokina da muka koyi aiki tare yana da shago a Wuse da yara sama da goma, ina kuma yi masa murna har zuciya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce hanyar zuwa can sai ta bi ta kan alkawarin talaka. Mu teloli mun bari sunanmu ya lalace, har ya zama in mutum ya cika saɓa magana sai a ce alkawarin tela gare shi. Yana ƙona mini rai, don sana'ar da ta rufa wa gidanmu asiri ce tun kafin a haife ni.

Bayan la'asar tsohuwar Gangare ta zo da ƙaramin jikan, wai ta biyo ne ta ji ko an fara. Na ce, “Iya, ai an gama tun jiya.” Ba ta yarda ba sai da na ciro. Yadi ne mai sauƙin kuɗi, ruwan ƙasa, amma na sa an yi masa ɗan aiki a wuya da baƙin zare. Muka sa wa yaron. Ya tsaya gaban madubi ya ƙame kamar soja, sai ya zura hannu biyu a aljihu, ya juya dama ya juya hagu, ya ƙi cirewa. Na miƙa mata ragowar ƙyallen, kusan rabin yadi, na ce zai yi hular jariri ko faci. Ta riƙe shi tana kallo, ta ce, “Ɗan nan, har da wannan?” Sannan ta shiga addu'a, ta yi wa iyayena, ta yi wa 'ya'yana, ta yi wa hannuna. Yaran shago duk suka tsayar da keke suna amin. Babban yaron nawa bai ce komai ba, na dai ga ya sunkuyar da kai ya daɗe yana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

Mun sha ruwa a shago, kunun tsamiya da ƙosai daga gida, muka je tarawihi muka dawo kan keke. Huɗu muka fitar cif, saura 39.

Da na koma gida na faɗa wa uwar yara yadda muka yi da Alhaji. Ta yi shiru tana kwashe kwanuka, can ta ce, “Malam, hayar fa?” Na ce kwasar adashina na zuwa a watan gobe, sauran kuma in an karɓi cikon kuɗin ɗinki za mu gani. Ta ce, “Bai kai ba ai.” Na ce na sani. Ba ta ƙara magana ba, ta ɗora mini ruwan zafi na gasa baya.

Gobe in Allah ya kai mu zan fara da na yaran mai keke napep, su uku yadi ɗaya ne, yanka guda zai yi musu. Sai in aika a karɓo na wurin masu bugu, in kuma kira mai shago in roƙe shi ya raba mini hayar biyu.