Sifili ɗaya a sunan fayil ya hana MINIX tashi kwana 4

Har yanzu idan na buɗe /boot/minix_default sai raina ya ɓaci. Kwana 4 cur na yi a nan Garwa, cikin zafin Afrilu, ina neman abin da ya hana MINIX 3.3.0, wata manhajar sarrafa kwamfuta mai kama da Linux, tashi a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur, alhali ɓarnar duka tana cikin sunan fayil guda. Na rubuta mod5_vfs a inda ya kamata in rubuta mod05_vfs.

Na ɗan taɓa VFS ne, sabar da ke kula da fayiloli, na ƙara layi biyu don in riƙa ganin duk kiran open da ya shigo. Da na gama harhaɗawa, maimakon in bar umarnin make hdboot ya jera komai ya kuma gyara /boot.cfg, fayil ɗin tsarin tashi, da kansa, sai na ɗauke tsohon mod05_vfs na ajiye a /root, na kwafe sabon da hannu. Na sake kunna na'ura. Mai lodi, shirin da ke ɗora MINIX a ƙwaƙwalwa lokacin tashi, ya nuna jerinsa, ya loda abin da zai loda, daga nan sai tsit.

Abin da ke tsakanin BIOS da mai lodin da MINIX ya aro daga NetBSD bai ba ni wahala ba. Layin /boot.cfg shi ne wurin kallo: load_mods /boot/minix_default/mod* sannan multiboot /boot/minix_default/kernel. Kanel, wato zuciyar manhajar, ƙarami ne a MINIX: ba ya iya karanta faifai, bai san fayil ba, direban faifai ma ba a cikinsa yake ba. Don haka dole mai lodi ya zuba masa duk sabobin farko a ƙwaƙwalwa tun kafin ya miƙa masa ragama. A wannan sigar su 11 ne: ds, rs, pm, sched, vfs, memory, tty, mfs, vm, pfs, init. Na san wannan jerin da ka. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne kanel ba ya duba sunayensu ko kaɗan. Yana da nasa jadawalin a table.c, yana ɗaukar na farkon da aka miƙo masa ya ce kai ne ds, na biyu rs, haka har ƙarshe. Lambobin da ke gaban sunayen su kaɗai ke riƙe da wannan tsari.

Ana jera sunaye ne harafi bayan harafi, kuma 0 da 1 suna gaban 5. Sai mod5_vfs ya gangara can ƙasan mod11_init, duk wanda a da ke bayan vfs ya matso gaba da kujera ɗaya. memory ya zauna a wurin vfs, tty a wurin memory, vm a wurin mfs, pfs kuma ya faɗa kujera ta 9, ta VM mai rabon ƙwaƙwalwa.

Wannan kujerar ce ta kashe komai. VM kaɗai kanel ke warware wa fayilinsa na ELF (tsarin da ake ajiye shiri a cikinsa) ya shimfiɗa shi da kansa. Sauran duka, har da RS mai ta da sabobi da kula da su, a daskare suke sai VM ya gina wa kowa teburin shafukan ƙwaƙwalwarsa. To ga pfs, wanda aikinsa bututun saƙo tsakanin shirye-shirye, an ɗora shi a matsayin mai rabon ƙwaƙwalwa, ga ainihin vm yana kujera ta 8 yana jiran a sake shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, kanel yana ƙirga su. Idan adadin bai yi daidai ba yakan tsaya nan take ya faɗi nawa yake jira, nawa ya samu. Da na bar tsohon fayil ɗin a wurin, da an samu 12, da cikin minti ɗaya na gane. Ɗauke shi da na yi ya sa lissafi ya cika 11.

Shirun ma yana da dalili. A Linux kanel ne ke rubutu a allo. A nan tty, mai rubutu a allo, shiri ne kamar kowane, kanel yana tara saƙonninsa yana jiran tty ya zo ya nuna su, tty kuwa bai farka ba.

Na ɗauka layukana biyu ne suka jawo. Na tashi da faifan CD, na haɗa /dev/c0d0p0s0, na cire su, na sake kwafewa. Shiru. Sai na dawo da tsohon VFS daga /root, wanda na tabbata lafiyarsa ƙalau, amma na kwafe shi a kan mod5_vfs ɗin nan dai. Da shi ma ya ƙi, sai zargina ya koma kan ƙarfen. Wuta ta ɗauke sau biyu a makon ina cikin aiki, ɗakin kuma kamar tanda. Na kai wa mai gyara, ya taɓa bayan akwatin ya ce, "Malam, wannan zafin ai RAM yake ci." Na sayi wata sefa 8,000, muka share ƙura, muka sa sabon man sanyaya firosesa. Duk a banza.

A rana ta huɗu na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na kwashi hoton faifan, wato cikakken kwafinsa, da dd na kunna shi a QEMU, shirin da ke kwaikwayon kwamfuta, a kan laftof, ya tsaya a daidai wurin, wato ƙarfe ba shi da laifi. Na ƙara cttyline=0 a layin tashi, na ba QEMU -serial stdio, domin da haka kanel ke rubutu kai tsaye ta layin siriyal ba tare da tty ba. Sai ga gaisuwarsa da sunan Jami'ar Vrije ta Amsterdam. Kanel yana raye ke nan, abin da ke bayansa ne ya ƙi motsi, kuma abu na farko a bayansa VM ne, wanda ban taɓa ba. Na sauka wurin umarnin mai lodi na buga ls a kan kundin. Ga mod5_vfs shi kaɗai a ƙasa.

Umarnin mv guda ya gyara. Na zauna ina kallon sauran ta siriyal: RS ya raba wa kowa izininsa, VFS ya haɗa ɗan faifan ƙwaƙwalwa da ke cikin direban memory a matsayin tushe na wucin gadi, rc na cikinsa, fayil ɗin umarnin tashi, ya ta da direban babban faifai, aka koma ainihin tushen da rootdevname ya ambata, init ya karanta /etc/ttys ya kawo wurin shiga.

Yanzu ba na sa hannu a minix_default, shi ne mafita idan sabon gini ya ƙi. Ina gwaji da make hdboot in zaɓi minix_latest a jerin tashi, a QEMU tukuna, da cttyline=0 a kunne tun daga farko. Idan kuma dole sai na kwafe da hannu, ina buga ls in karanta jerin da ƙarfi daga 01 zuwa 11, in tabbatar vm ne na 9.