Abin da aikin fassara ya koya mini game da kalmar "stand"

Tun daga aji ɗaya na firamare ake haɗa yaro da wannan kalma. Malami ya shigo, monita ya ce "class stand", kowa ya miƙe. Daga ranar an ɗaura wa "stand" aure da "tsaya" a ƙwaƙwalwar yaron, kuma da yawa har su gama jami'a auren nan bai mutu ba. Aikin fassara da gyaran rubutun ɗalibai sun nuna mini cewa inda kalmomin biyu suka haɗu ɗan kaɗan ne, inda suka rabu ya fi yawa, kuma a wasu wuraren ma kishiyar juna suke.

Tushen matsalar yana cikin Hausarmu. "Tsaya" tana ɗauke da kaya biyu, miƙewa a kan ƙafa da kuma daina motsi. Mota ta tsaya, agogo ya tsaya, aiki ya tsaya cak. Turanci bai ɗora wa "stand" kaya na biyun ba, ya ba "stop". Abin da "stand" ta riƙe shi ne kasancewa a wani wuri ko a wani hali ba tare da an gusa ba. Shi ya sa ɗalibin da ya rubuta "my watch has stood" ya yi Hausa ne da kalmomin Turanci. Wanda kuma ya ce wa abokinsa "stand for me", yana nufin ya jira shi, ya roƙe shi ne ya wakilce shi. Abin da yake nema shi ne "wait for me".

Wannan kuskuren bai wuce a yi dariya a gyara ba. Wanda ya fi haɗari shi ne na mai juya labari daga Turanci zuwa Hausa, musamman a ɗakin labarai inda ake sauri. A ɗauki jimlar da ake yawan gani bayan haɗari ko ambaliya: "the death toll stands at 40". Idan aka ce adadin mamata "ya tsaya a 40", mai sauraro zai ɗauka an gama ƙirga, ba ƙari. Turancin kuwa cewa yake yi a halin da ake ciki adadin 40 ne, kuma sau da yawa ana zaɓar wannan lafazi ne daidai saboda ana tsoron zai ƙaru. Fassarar da ta dace ita ce "ya zuwa yanzu an tabbatar da mutuwar mutum 40". Haka abin yake ga alƙaluman bashi, hauhawar farashi, da sakamakon wasa kafin a tashi. Duk inda aka ga "stands at" da lamba a bayanta, a nemi "a halin yanzu" ko "ya zuwa yanzu", a bar "tsaya" ta huta.

Ga inda suke zama kishiyoyi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce "the judgment stands", ma'ana hukuncin yana nan daram, ba a taɓa shi ba. Mai fassara ya ce "hukuncin ya tsaya", mai ji ya fahimci an dakatar da shi. An juya labarin kansa ƙasa da kalma ɗaya. Ɗan kasuwan da ya rubuta "my offer still stands" yana nufin tayinsa yana nan bai janye ba. Game da gine-gine kuwa, yawanci kalmar ba ta wuce "yana" ba. "The school stands behind the market", makarantar tana bayan kasuwa, shi ke nan. Sai in maganar a kan rashin rushewa ake yi, kamar a ce hasumiyar Gobarau ta Katsina "still stands", nan kam "tana nan tsaye" ta zauna daidai.

Wani abu da ke ba ni sha'awa shi ne, sau da yawa inda Bature ya ga abu a tsaye, Bahaushe a zaune ko a kwance yake ganinsa. "Standing committee" na majalisa shi muke kira zaunannen kwamiti, wato wanda ba a rushe shi da ƙarewar wani aiki, saɓanin kwamitin wucin gadi. "Standing water" da ma'aikatan lafiya ke gargaɗi a kai saboda sauro, kwantaccen ruwa ne. Takardar maganin tsabtace ruwan sha ta ce a zuba sinadarin a motsa, sannan "let it stand for 30 minutes": a ajiye shi, kada a sha sai bayan minti 30, domin sinadarin yana buƙatar wannan lokacin kafin ya kashe ƙwayoyin cuta. Ita kuwa "standing order" sai an duba wurin da aka faɗe ta. A majalisa ƙa'idojin gudanar da zama ne, waɗanda ɗan majalisa ke kafa hujja da su in zai katse muhawara. A banki umarni ne da mai ajiya ke bayarwa sau ɗaya, a riƙa cire wani adadi na kuɗi duk wata ana tura wa wani. A ƙananan asibitocin Najeriya kuma kundin umarni ne da ma'aikacin lafiya na matakin farko ke bi wajen duba mara lafiya inda babu likita. Abin da ya haɗa ukun shi ne umarnin yana nan yana aiki har sai an soke shi.

Aiki mafi yawa yana wajen 'yan ƙananan kalmomin da ke bin bayanta. A nan ne na koyi cewa karanta "stand" ita kaɗai ɓata lokaci ne, sai an kai ido ga abin da ya biyo. "Stand up for" kare mutum ne, tsaya masa. "Stand up to" ja da wanda ya fi ka ƙarfi ne, ƙin rusuna masa. Saboda haka "she stood up for the chairman" da "she stood up to the chairman" labarai biyu ne da ba su ga maciji, a na farko ta goyi bayansa, a na biyu ta kalli idonsa ta gaya masa gaskiya. In kuma aka sako mutum a tsakiya, "he stood her up", ya yi mata alkawarin haɗuwa ne ya shanya ta.

"Stand by" ita kaɗai tana da fuska huɗu. Mara wa mutum baya a lokacin wahala, ƙin janye maganar da aka faɗa, zama cikin shiri, da kuma zuba ido ana ɓarna ba a ce uffan ba. Ta farko da ta ƙarshe kusan kishiyoyi ne, kuma abin da ke raba su shi ne ko akwai suna a bayanta. "They stood by him", ba su guje shi ba. "They stood by and watched", sun naɗe hannu. Daga fuska ta uku aka samo janaretan "standby", wanda ke jiran a ɗauke wuta.

Akwai ranar da duniya ta ga nauyin wannan bambanci. A muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka da aka yi a Cleveland ranar 29 ga Satumba 2020, mai gabatarwa Chris Wallace ya tambayi Donald Trump ko zai gaya wa ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi su "stand down", wato su janye, su ajiye abin da suke yi. Trump ya ce wa Proud Boys, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, "stand back and stand by". Rabin farko cewa yake yi su ja da baya, rabi na biyu kuwa ana iya jin sa a matsayin "ku zauna cikin shiri". Cece-kucen da ya biyo baya a kan wannan "by" ɗin aka yi shi, kuma washegari Trump ya fito ya yi amfani da "stand down". Mai fassarar da ya haɗe su duka ya ce "ku tsaya" ya zubar da labarin gaba ɗaya.

"Stand for" ma haka: abin da harrufan gajarce suke wakilta, aƙidar da mutum ya riƙe, tsayawa takara, da kuma lamunta, kamar "I won't stand for this", ba zan lamunci wannan ba. Ta takarar lafazin Ingila ce, Amurkawa "run" suke cewa, jaridun Najeriya kuma sun fi son "contest". A nan Hausa da Turancin Ingila sun yi dace, mu ma tsayawa muke yi.

Kotu tana da nata ƙamus. "Stand trial" gurfana ne gaban alƙali. "Stand surety" tsaya wa wanda ake tuhuma ne a ba da belinsa, wani wurin da harsunan biyu suka sake haɗuwa. "Take the stand" lafazin Amurka ne na shiga akwatin ba da shaida, kuma kada a rikita shi da "take a stand", ɗaukar matsaya. Wanda na ga ya fi wahalar da masu ɗauko rahoto shi ne "the matter was stood down". Wannan ba ɗage shari'a ba ne. An jingine ta ne na ɗan lokaci, a kira wasu ƙararraki, a dawo kanta a ranar, wataƙila don lauya bai iso ba ko ana jiran wata takarda. Ɗagewa zuwa wata rana "adjourned" ce. In aka gaya wa dangin wanda ake tuhuma an ɗage, za su kama hanyar gida, a kira ƙarar bayan azahar ba kowa.

Sai "standing" ta lauyoyi, wadda suke kira da Latin "locus standi", hurumin shigar da ƙara. A 1981 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke cewa Sanata Abraham Adesanya ba shi da hurumin ƙalubalantar naɗin Mai Shari'a Ovie-Whiskey a matsayin shugaban hukumar zaɓe ta FEDECO. A 1987 kuma kotun ta amince lauya Gani Fawehinmi yana da hurumin bibiyar batun kisan ɗan jarida Dele Giwa. Duk wanda ya fassara "he has no standing" da "ba shi da daraja" ya ƙaƙaba wa alƙali zagin da bai yi ba, ko da yake a wajen kotu kalmar kan ɗauki ma'anar matsayi a idon jama'a.

Malaman gona ma suna da tasu. Takardar shuka masara kan ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 50 tsakanin rami da rami, "two plants per stand". "Stand" a nan gindi ne, ramin shuka guda. Lissafin yana ba da rami kusan 26,667 a hekta ɗaya, tsiro kusan 53,333. In an zaɓi tazarar santimita 25 da tsiro ɗaya a kowane rami, adadin bai canza ba. Wanda bai gane kalmar ba ya bar tsiro huɗu ko biyar a rami, su yi ta kokawar taki da haske, zangarniya ta fito ƙanana. Direban da ya je New York kuma zai tarar da allo mai cewa "No Standing". Ba masu tafiya a ƙasa aka hana tsayuwa ba. An yarda ka sauke fasinja ko ka ɗauka nan take, amma ba a yarda ka zauna cikin mota kana jira ba.

Hanyar da na ga tana aiki ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri. A fara duba wa ke yin "stand" ɗin: mutum ne, gini, lamba, ko magana irin hukunci da tayi. Sannan a karanta kalma biyu ko uku da ke bayanta kafin a yanke komai. Sannan a tambayi kai daga wane fage takardar ta fito, kotu, majalisa, asibiti ko gona. In an buɗe ƙamus, kada a tsaya a ma'ana ta ɗaya, domin sashen da ake bukata galibi yana can ƙasa, inda aka jera kalmar tare da 'yan rakiyarta. Gwaji na ƙarshe shi ne a karanta Hausar da aka rubuta, a ga ko mai ji zai ɗauka wani abu ya daina tafiya. In zai ɗauka haka alhali Turancin bai ce ba, a sake.

Asalin kalmar ya bayyana dalilin yaɗuwarta. A tsohon Turanci "standan" ce, kuma saiwarta ɗaya da "stare" ta Latin, wadda ta haifi "state", "status", "statue" da "station". Daga ta ƙarshen muka samo "tasha", ashe mun daɗe da jikanyarta a bakinmu. Haka "stan" ta Farisanci da ke ƙarshen Pakistan da Afghanistan, mai nufin wuri ko ƙasa, daga saiwar take. A cikin gida kuma ta haifi "understand" da "withstand", waɗanda ke juyawa irin juyinta, "understood", "withstood". Ba a cewa "standed".

Biyu daga cikin 'ya'yanta sun cancanci a yi hattara da su. "Outstanding student" ɗalibi ne da ya yi fice, amma "outstanding salaries" albashi ne da ma'aikata ke bi ba a biya ba, kuma "outstanding issues" batutuwa ne da ba a warware ba tukuna. Ɗayar ita ce "notwithstanding", wadda ta cika takardun doka da na kwangila. Ma'anarta "duk da", kuma aikinta shi ne ta ɗora sashen da ta buɗe a kan sauran. Sashe na 308 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu kariya daga gurfana a kotu muddin suna kan mulki, da ita ya fara: duk da wani tanadi na tsarin mulkin da ya saɓa wa wannan. Mai sa hannu a kwangila, in ya ci karo da ita, ya koma ya sake karanta sassan da ta ambata, domin mai yiwuwa haƙƙin da aka ba shi a shafi na biyu an karɓe shi a shafi na tara.